Marubuci, Me Ka Karanta Bana?

Mu masu karanta labarai a waya mun gaji. Ka shiga adaidaita daga Ƙofar Nassarawa, ka leƙa wayar na kusa da kai: attajiri mai girman kai, 'yar talakawa, kishiya da bokanta. Kullum su ke nan, don marubutan WhatsApp juna kaɗai suke karantawa. Abubakar Imam sai da ya sha Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, ya narka su cikin Hausa, sannan Magana Jari Ce ya fito. A sana'armu ta manhaja, wanda bai karanta aikin wasu ba ba ya samun aiki. A nan kuwa, mutum bai gama Ruwan Bagaja ba, amma yana turo mana lambar asusu mu biya kafin ya saki babi na gaba.