LAFIYA UWAR JIKI: Bar-ni-da-mugu, ƙurjin da gaggawa ke mayarwa tabo

 A filinmu na wannan mako za mu tattauna a kan ƙurajen fuska, waɗanda Bahaushe ya laƙaba wa suna bar-ni-da-mugu. Wataƙila wani ya ce ina ruwan jarida da ƙurji, alhali ga zazzaɓin cizon sauro, ga sanƙarau. Gaskiya ne wannan ƙurji ba ya kwantar da mutum. Amma duk magidancin da ke da ɗa ko ɗiya a kwaleji ko lise ya san irin ɓarnar da yake yi: budurwa ta daina zuwa biki, saurayi ya riƙa sunkuyar da kai a cikin aji, kuɗi kuma su yi ta zurarewa wajen sayen mai iri-iri. Abin da ya kamata kowa ya riƙe tun farko shi ne, ƙurajen nan masu wucewa ne, amma tabon da gaggawa ke bari yakan zauna shekara da shekaru.

Matsalar ta game duniya. Babban binciken da aka yi a kan cututtukan duniya na shekarar 2010 ya sa ƙurajen fuska a matsayi na 8 cikin cututtukan da suka fi yawa a tsakanin ƴan Adam, inda suka shafi wajen mutum 9 cikin kowane 100. Likitocin fata kuwa sun ƙiyasta cewa kimanin 85 cikin 100 na matasa masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi su, wani kaɗan, wani da yawa. Ke nan yaron da ya balaga fuskarsa sumul shi ne baƙo a cikin tsaransa.

To, daga ina suke fitowa? A jikin fata akwai ƙananan ƙofofi waɗanda gashi ke tsirowa ta cikinsu, kuma a gindin kowace ƙofa akwai wata ƴar jaka da ke samar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa ƙurajen suka fi fita a nan. In yaro ya kai munzalin balaga, namiji ne ko mace, jikinsa yana ƙara samar da sinadarin da likitoci ke kira androjen, wanda ke sa jakunkunan su girma su yawaita maiƙo. Sai maiƙon ya haɗu da matacciyar fata su toshe ƙofar. In bakin ƙofar a rufe yake, sai a ga ɗan ƙurji mai farin kai. In a buɗe yake, sai kan ya yi baƙi, domin iska ta taɓa shi, kamar yadda goro ke sauya launi bayan an fasa shi. Akwai kuma wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Idan ƙofa ta toshe sai su sami wurin hayayyafa, jiki ya tashi yaƙi da su, wurin ya kumbura ya yi zafi ya tara mugunya. Duk wannan aiki yana ɗaukar makonni a ƙarƙashin fata. Ƙurjin da ka gani yau da safe ya daɗe a hanya, don haka babu maganin da zai kawar da shi cikin dare ɗaya.

Da wannan bayani za mu iya tace maganganun da ake yi a gari. Masu cewa ƙazanta ce ke kawo su sun yi kuskure, kuma wannan kuskure ke sa yara su riƙa dirje fuska da soso sau biyar ko shida a yini, har fata ta yi rauni ƙurajen su ƙaru. Ba a ɗaukarsu wajen wani, ko da tawul ɗaya ake amfani da shi. Ba dattin jini ba ne, balle a ce sai an sha maganin wankin ciki. Aure ma ba ya warkar da su. Shekaru ne ke rage su, kuma akwai matan aure da ke fama da su har bayan shekara 30, musamman gab da zuwan al'ada. Gado yana da hannu a ciki sosai. Damuwa da rashin barci sukan tayar da su, kamar yadda ake gani wajen ɗalibai lokacin jarrabawar BEPC da ta bakaloriya. A wajen abinci, mutanenmu sun saba ɗora laifi a kan gujiya da ƙuliƙuli, amma bincike bai kama su da wani laifi bayyananne ba. Inda ya fi nuna yatsa shi ne yawan sukari, irin su lemun kwalba da alewa da shayi mai zaƙi ƙwarai, sai kuma madarar shanu ga waɗansu mutane.

Yanzu ga abin da za a yi a gida. A wanke fuska sau biyu a yini, safe da dare, da kuma bayan an yi gumi mai yawa, da sabulu marar kaifi da tafin hannu kawai. Sabulun salo da sabulun wanki sukan busar da fata fiye da kima ga mutane da yawa. A kiyayi shafa mai mai nauyi a fuska. Tun a shekarar 1970 likitoci a Amurka suka bayyana wani nau'in ƙuraje da man gashi ke kawowa a goshi da gefen fuska, kuma wannan ya shafe mu, domin da hunturu mukan lafta mai tun daga kai har ƙafa. Mai nauyin a bar wa hannu da ƙafa, fuska a nema mata marar maiƙo. A riƙa wanke rigar matashin kai da ɗankwali da hula a kai a kai. Sai babbar doka: kada a matse. Matsa tana fasa ƙurjin ta ciki, ta tura mugunya cikin nama, kuma a fata irin tamu duk wurin da ya kumbura yakan bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni kafin ya dushe. Rana tana ƙara wa tabon duhu, don haka malfa da laima da man kariya daga rana suna da amfani. Man goge haƙori da ruwan lemun tsami da tafarnuwa da ake ɗorawa kan ƙurji ƙone fata suke yi. Lemun tsami ma in ya haɗu da rana yakan bar tabon da ya fi na ƙurjin muni.

A farmasi akwai magungunan shafawa da aka daɗe da tabbatar da amfaninsu. Na farko shi ne benzoyil feroksid, mai ƙarfin 2,5 ko 5 cikin 100, wanda ke kashe ƙwayoyin nan ya kuma taimaka wajen buɗe ƙofofi. Ana shafa shi kaɗan a duk yankin da ƙuraje ke fita, ana farawa da sau ɗaya bayan kwana biyu har fata ta saba, domin yakan busar da ita da farko. A lura yana cire launin tufafi, kada a bari ya taɓa shadda ko atamfa. Akwai sabulu da ruwan wanke fuska masu asid salisilik. Akwai kuma adafalen da ake shafawa da dare, wanda ya kamata a nema da shawarar likita, kuma mai ciki ba ta amfani da shi. Duk waɗannan sai an yi mako 6 zuwa 8 ana shafawa kafin a ga sauyi, cikakken amfani kuwa yakan kai wata 3. Da yawa daga cikin masu cewa magani bai yi ba, da wuri suka jefar da shi.

A wannan gaɓa ta rashin haƙuri ne tarko yake. Yarinya ta ga tabo a kumatunta, ƙawa ta nuna mata wani ɗan mai da ake sayarwa a kasuwa ko a tiren masu tallar magani. Ta shafa kwana huɗu, kumburi ya sauka, fuska ta yi haske, sai ta ce ta dace. Da yawa daga cikin irin wannan mai suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi na dangin kortizon, kamar kilobetazol da betametazon, waɗanda aka yi domin wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci, bisa umurnin likita. Wanda ya daɗe yana shafa su a fuska, su da kansu suke fito masa da sababbin ƙuraje masu yawa. Fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙyasbi da makero su sami hanya. In ta daina, fuska ta yi ja ta yi ƙaiƙayi, sai ta koma, ta zama baiwar ɗan kwalba. Masu shafe jiki duka na tsawon shekaru suna iya gamuwa da hawan jini da ciwon sukari. Hidrokinon da ake zubawa a man bilicin, in an daɗe a kansa, yakan bar baƙin tabo mai wuyar magani a kumatu, zaiba kuwa tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma cutar da jaririn da ke ciki. Saboda irin wannan ɓarna ce ƙasar Kodibuwa ta haramta waɗannan mayuka a shekarar 2015, Gana ma ta hana kayan shafa masu hidrokinon a 2016. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Sai a sani kuma ba kowane ƙurji ne bar-ni-da-mugu ba. Ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke fita a wuya da baya cikin zafin Afrilu da Mayu na gumi ne, maganinsu wanka da tufafi marasa nauyi. Waɗanda ke fita a haɓa da ƙeyar ma'aikacin da ke aske gemu kullum kafin ya tafi biro, gashi ne ya lanƙwashe ya koma cikin fata. A rage yawan aski, a daina kankarewa har ƙasa.

Yaushe za a je likita? In ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi, ko sun fara barin rami. In an yi wata 3 ana magani ba sauƙi. In mace tana da su tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa. In an riga an saba da man kortizon, domin barinsa yana son jagora. Ko in abin ya sa yaro ƙunci har ya guji mutane. Ƙurji mai kumburi kusa da hanci ko leɓen sama, in ya zo da zazzaɓi, a kai shi asibiti ranar. Likita yana da magungunan sha irin su doksisilin, da isotiretinoyin wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1982, mai ƙarfi ƙwarai amma mai nakasa ɗan tayi. Ba a sayen irin waɗannan a bakin tasha.

A ƙarshe muna kira ga ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai masu shigo da kayan shafa, su riƙa karanta abin da ke rubuce a jikin kwali kafin su sara. Ribar ɗan kwalba ba ta kai fuskar ɗiyar maƙwabci ba. Iyaye kuma su daina yi wa yara ba'a ko zargin ƙazanta. Sabulu mai sauƙi, magani ɗaya daga farmasi, hannu nesa da fuska, da haƙurin wata 3, sun wadatar ga mafi yawan yara.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.