A Auna Jini Kafin A Sha Magani

Ya ku malamai da fatake, ga wata magana wadda ta wajaba mu duba.

Babu falken da zai sayi hatsi ba mudu, ko zane ba kamu. To, don me mutum zai ji jiri da haki da kasala, ya ga tafin hannunsa ya ɗashe, sa'an nan ya aika kasuwa a sayo masa kwalbar ƙarin jini ba tare da awo ba?

Ku sani ƙarancin jini alama ce, sabubbanta kuwa da yawa. Akwai rashin sinadarin ƙarfe, akwai rashin bitamin B12 da ake samu a nama da nono da ƙwai, akwai rashin folik asid na ganyaye da wake. Akwai kuma zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa, da tsargiya, da amosanin jini. Kowanne da maganinsa. Mai amosanin jini da aka sha yi wa ƙarin jini, ƙarfe yana iya cutar da shi. Dattijon da ƙarfensa ya ƙare, watakila jini ne ke tsiyaya a hanjinsa, kwalba kuwa sai ta ɓoye cutar har ta yi nisa.

Awon ba shi da wuya. Likita kan ɗibi kamar cikin ƙaramin cokali daga jikin da ke ɗauke da wajen lita 5. Da fari a duba himoglobin: bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji ya gaza idan bai kai giram 13 a desilita ba, mace giram 12. Sa'an nan a duba feritin, watau rumbun ƙarfen jiki, da bitamin ɗin nan biyu.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta sami ƙarancin jini ga yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5, da mata 58 cikin 100 masu shekarun haihuwa.

Saboda haka muna kira. Malam, almajirai amana ne a hannunka: wanda ka ga yana gyangyaɗi kan allo, ko yana fitsarin jini, kai shi asibiti, ka ajiye bulala. Falke, kada ƙyashin kuɗin awo ya hana ka kai mai juna biyu, domin wadda ta shiga naƙuda ba jini ta shiga hatsari.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Haza wasalam.