A AUNA KAFIN A SAYAR

Ƴan'uwa na rassa, akwai wani ciniki da ake yi a ƙofar gidajenmu wanda ya kamata mu sa wa ido. Dillalai suna bin ƙauyuka daga Tasawa zuwa Magarya suna sayen tsofaffin kuɗin ƙarfe da iyayenmu mata suka gada, na cikin ƙwarya da na jikin sarƙar wuya. Mai saye ya san nauyi, ya san farashin azurfa a birni. Tsohuwa kuwa ba ta san kome ba sai cewa na kakarta ne. Wannan ba ciniki ba ne, cin amana ne da rana tsaka.

Mu fara da riyal mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, domin a kansa aka fi ruɗin mutane. An rubuta 1780 a jikinsa, sai mai shi ya ɗauka ya riƙe abin da ya shekara fiye da 200. Ina! A 1780 matar ta mutu, kuma tun daga nan duk wanda aka buga wannan shekara ake sa masa, domin fataken Larabawa da Habasha ba su yarda da wani ba. An buga shi a Biyana, an buga a Landan, Faris, Roma da Bombai, har yawansa ya haura miliyan 300. Saboda haka tsufa ba ya ƙara masa kome. Darajarsa tana cikin jikinsa: nauyinsa giram 28, azurfa zalla a ciki wajen giram 23 da ɗan ɗoriya. A je wurin maƙerin farfaru a ji kuɗin giram ɗaya a ranar, a ninka sau 23. Wanda ya taya rabin haka, a nuna masa hanya. In kuma sikeli ya nuna ya gaza sosai, jabu ne ko an goge shi.

Haka tsohuwar dalar Faransa ta azurfa, mai tamma biyar: giram 25, kashi tara cikin goma azurfa. Ita ta bar mana lissafin da muke yi har yau, mu ce ɗari muna nufin sefa 500, mu ce jika muna nufin dala 200. Baƙo da yawa ya sha kashi a wannan lissafi, amma wannan wata magana ce.

Sulen Ingilishi da ya shigo mana ta Katsina da Daura iri biyu ne. Na 1913 zuwa 1919 azurfa ce. Daga 1920 aka juya shi tagulla, kuma wannan ba ya sayen ko goro. Kwabo da anini masu huda, a bar wa yara.

Abin da ya fi ba mu ciwo shi ne masu ɓoye kuɗin gwamnati a tukunya suna zaton dukiya ce. Faransa ta rufe canjin tsofaffin ƙarafanta a 2005, takardunta a 2012. Wanda ya ajiye su, ya ajiye tarihi kawai. Sefa ma a Janairun 1994 aka raba darajarta biyu cikin dare ɗaya, ba a tambayi manomin gyaɗa ko ɗaya ba. Azurfar da ke wuyan mata ba wanda ya iya yi mata haka da alƙalami. Shi ya sa dillali yake sonta.

Kuɗin da ke yawo yanzu lissafinsu ya fi sauƙi. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne tun 1999, wato dala 131 da kaɗan, sai dai ƴan canji ba su cika karɓar ƙarfensa ba, takarda suke so. Naira kuwa ba ta da tsayayyen farashi. A tambayi mutum biyu a ranar kasuwa kafin a miƙa hannu.

Muna roƙon kowane reshe ya samu ƙaramin sikeli, ya ba wani ɗan lakwal mai gaskiya, ya zauna da shi ran kasuwa kusa da rumfar mata. Ya karanta shekara, ya auna, ya faɗi lissafi da ƙarfi kowa ya ji, kuma kada ya karɓi ko tamma.