Robar Ƙahon Babur Ma Dukiyar Ƙasa Ce

Maganarmu ta yau a kan wani ɗan ƙaramin abu take, wanda wasu za su ce bai isa a ɓata masa tawada ba: robar nan da ake sa wa ƙahon babur, wadda mahayi yake riƙewa. A ganinmu, babur ɗin da robarsa ta mutu bai kamata a ba ma'aikaci shi ya shiga daji ba.

Duk wanda ya san jahar Diffa ya san kwalta ɗaya ce babba, hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta biyo ta Maine-Sorowa ta ratsa Diffa ta nufi Ngigmi. Da zarar mutum ya sauka daga kanta ya fuskanci kogin Komadugu, wajen gonakin tattasai na Shetimari ko Geskeru, to sai rairayi da rani, sai taɓo da damina. Don irin wannan ƙasa ne aka ƙera baburan daji kamar Yamaha DT 125, waɗanda ake ba malaman gona da masu allurar rigakafi da masu duba ajujuwan yaƙi da jahilci. Cikin rairayi tayar gaba ba ta tafiya sak. Lilo take yi dama da hagu, hannun mahayi ne yake tsare ta. In robar ta sulɓe a wannan lokaci, sai ƙasa.

Zafin watan Afrilu da Mayu kuwa, wanda yakan wuce awo 40, ba ya raga wa roba. Wata ta bushe ta tsattsage, wata ta yi danƙo ta riƙa juyawa a kan ƙarfe. Ta hannun dama ta fi haɗari, domin ita ce ke kan totur: ka murɗa, roba ta juya, inji bai amsa ba, alhali kana tsakiyar tudun yashi.

Akwai kuma abin da ya keɓanci jahar nan. Bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Diffa ran 6 ga Fabrairu 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana zirga-zirgar babura. Babura da yawa suka kwashe shekaru jingine cikin ɗakuna da rumfunan kwano. To, roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Ranar da hukuma ta ba mutum izini ya fito da irin wannan babur, zai duba batir, ya duba taya, ya wanke tanki. Inji na tashi sai ya ce an gama, ba ya tuna abin da hannunsa zai riƙe.

Mun san dabarar da ake yi: a yanko tsohon tub na taya a nannaɗe ƙahon. Ba mu raina mai wannan dabara ba, rashi ne ya koya masa. Amma naɗin yana kwancewa in gumi ya jiƙa shi, bakinsa kuma yakan cusa tsakanin totur da gidansa ya hana shi komawa. Babur ɗin da toturinsa ya maƙale, burki kaɗai ba ya tsai da shi da wuri.

Canjin kuwa ba wuya. A tsaga tsohuwar da reza a hankali, kada a yanki bututun totur da ke ƙarƙashinta. A goge ƙarfen da ɗan fetur har tsohon gam ya fita, a bar shi ya bushe. Sababbin robobin biyu ba ɗaya suke ba: kaurin ƙahon milimita 22 ne, ta hagu daidai da shi take, ta dama kuwa raminta ya fi faɗi saboda bututun. A shafa gam kaɗan, a tura da sauri kafin ya kama, a ɗaure da siririyar waya a lanƙwashe bakinta ciki. Kada a sa man inji ko sabulu wai don ta shiga da sauƙi, domin yadda ta shiga haka za ta fita. A bar babur ya kwana. Da safe, kafin a ta da inji, a murɗa totur a saki: in bai koma da kansa ba, aiki bai ƙare ba.

Saura shugabannin ma'aikatu. A takardun kayan gyara da sukan biyo ta hannuna don fassara, nakan ga taya da sarƙa da man inji, amma ban tuna ranar da na ga robar ƙaho ba, alhali kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Ma'aikaci ya faɗi ya karye, allurar yara ta tsaya, ajin manya ya rasa mai duba shi, babur ɗin da aka sayo da kuɗin talakawa ya koma jingine. Muna roƙon a sa robar nan cikin lissafin kayan gyara na kowace shekara, a ajiye ƴan kaɗan a ma'ajin kowace ma'aikata a Diffa, mai riƙe da makullai kuma ya murɗa ƙahon da hannunsa kafin ya miƙa wa ma'aikaci.