DAGA BAKIN NJUWA: Gyaran Murhun Jiya Ba Shi Ne Na Yau Ba

Yau da kaina zan fara, domin masu iya magana sun ce jiki magayi.

A cikin hunturun da ya wuce, wata rana da hantsi uwargida ta tare ni a tsakar gidanmu da ke Jimeta, ta ce, "Malam, wutar rishon gas ɗin nan ta koma ja, tana baƙanta gindin tukunya. A taimaka a kira mai gyara." Na ce mata wane irin mai gyara kuma, ni da nake gyaran risho tun ina firamare? Nan take na tuɓe riga, na ɗauko filaya da sukundireba, na kwance kan rishon. Na ga ɗan ramin da gas ke fitowa ya yi ƙanƙanta a idona, sai na sa ƙusa na buɗa shi. Da na lura bakin tiyo ya tsage kuma, na yanko robar tsohon tif na babur na ɗaure shi tamau. Aka kunna, wuta ta tashi fal. Na dubi uwargida na ce, "To, ga kuɗin mai gyara ya koma cefane."

Kashegari da asuba ta nufi madafa don ɗora ruwan zafi, ashana a hannunta. Tana tura ƙofa sai wani wari ya buge ta, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Allah ya sa ta tsaya ba ta ƙyasta ba. Daga madafar nan zuwa ɗakin da yara huɗu ke kwance kuwa bai fi taku biyar ba. Har yanzu in na tuna ashanar nan sai jikina ya yi sanyi.

To, me ya kai ni wannan karambani? Sabo ne. Mu da muka tashi a gefen tafkin Njuwa, nan kusa da Yola, ba mu taɓa jin an kira wani ya gyara murhu ba. In murhun kakata ya tsage, sai ta aike mu bakin tafki mu ɗebo yumɓu, ta cuɗa shi da ƙaiƙayi, ta liƙe da hannunta, kafin rana ta faɗi ya bushe. Haka ake yi wa wurin bandar kifi in lokacin bikin su ya ƙarato, tun tafkin bai ja baya ba. Da risho na kananzir ya shigo, shi ma ba a kai shi ko'ina. Maigida ne ke zare lagwani ya datse bakinsa, ya kankare tsatsa, ya mayar. In ya yi kuskure, iyakar abin dai tuwo ya yi warin hayaƙi, a yi masa dariya.

Amma zamani ya juya. Tun da Gwamnati ta janye tallafin kananzir a shekarar 2016 ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin talaka, itace da gawayi kuma ba su tsaya jiransa ba. Sai ga tukunyar gas, mai kilo 3 da mai 6 da mai 12.5, ta shiga gidajen Jambutu da Luggere da Wuro Hausa, inda a da ba a san ta ba. Kayan aiki ya sake, amma hannun maigida bai sake ba, yana nan da halinsa na zamanin lagwani.

Bambancin kuwa babba ne. Laifin murhun ƙasa ido na ganinsa, na gas ba a gani. Shi gas ɗin girki ba shi da launi, asalinsa ma ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don in ya zurare hanci ya sanar da mutum. Bugu da ƙari ya fi iska nauyi, watau in ya fita ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi, sai ya kwanta a ƙasa ya taru kamar ruwa a kwari. In ya taru, ƙyasta ashana, ko danna makunnin lantarki kaɗai, ya isa ya tashi ɗaki.

Da mai gyaran ya zo, wani dattijo mai rumfa a kusa da babbar kasuwar Jimeta, ya daɗe yana kallon aikina, sa'an nan ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?" Na ce wani yaro ne. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya shiryi yaron nan." Ya nuna mini cewa ramin da na buɗa, da awo aka huda shi, don gas da iska su haɗu daidai su ba da wuta shuɗiya. Asalin ciwon rishon ba wani abu ba ne illa miya da ƙurar hunturu da suka toshe ƙofofin kansa, wankewa kaɗai suke bukata. Ni kuwa na ƙara gas a kan iska, jar wuta ta ƙaru, ita ce kuwa mai fitar da gubar nan marar wari da ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ladan aikinsa bai kai cefanen yini biyu ba. Kan rishon da na lalata kuwa sai da na sayi sabo. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kada mai karatu ya ce wannan halin mutanenmu ne kaɗai. Ran 16 ga watan Mayu 1968, a gabashin birnin Landan, wata mata da ke zaune a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point ta ƙyasta ashana da sassafe don ta dafa shayi. Gas ya fashe, kusurwar benen ta rufto tun daga sama har ƙasa, mutum 4 suka mutu. Masu bincike sun samu ginin da rauni, amma mafarin abin wani ɗan noti ne da ya tsage a mahaɗar tiyo da risho, wanda wani abokin arziki ya ɗaura mata don taimako. A 1970 aka buɗe rajistar masu aikin gas a Ingila, a 1991 kuma ta zama tilas ga duk mai cin abinci da wannan sana'a.

Ba ina nufin maigida ya naɗe hannu ba, domin akwai aikin da yake nasa ne. Shi zai cire kan risho ya wanke da ruwan sabulu, ya bar shi ya bushe sarai. Shi zai riƙa shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, in ya ga tana ƙwai to akwai yoyo, kada kuwa ya kuskura ya gwada da ashana. Shi zai tabbata an rufe kan tukunya kowane dare, an ajiye ta a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa, musamman a zafin Maris da Afrilu da Yola ta yi suna da shi. Shi zai duba shekarar da aka buga a jikin tukunya, domin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, shekara 15 ta yanka mata. In kuwa an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara, kada a taɓa makunni.

Iyakarsa ke nan. Duk abin da ya kai ga buɗe hanyar da gas ke bi, ko huda rami, ko kwance kan da ke daidaita fitarsa, ko yi wa tukunya walda, to ba aikin mai sha'awa ba ne. Tiyon da ya tsage kuma ba a ɗaure shi, sakewa ake yi. Sa'an nan ba duk mai yawo da jakar sifana ne gwani ba. A nemi wanda ke da rumfa sananniya, wanda aka san ubangidan da ya koya masa, wanda in ya gama zai gwada aikinsa da kumfa a gaban idonka.

A nan nake roƙon Gwamnatin Jihar Adamawa da makarantun koyon sana'a su dubi wannan al'amari. A horar da samari gyaran kayan gas, a ba su takardar shaida da jama'a za su iya nema su gani, tun ba a kai ga zaman makoki ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Ni kam na mayar da filayata cikin akwati. Uwargida ta ce in hannuna ya yi ƙaiƙayin gyara, ga murhun ƙasa can bayan ɗaki ya tsage, yumɓu kuma bai ƙare ba. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.