Caca Mai Tsari Ma Caca Ce

Wata koyarwa ta shigo tsakanin matasanmu ta wayar hannu, kuma wajibi ne dattawa su san da ita. Ana gaya musu cewa kartar nan da ake kira poka ba caca ba ce, wai wasan ƙwaƙwalwa ne. Wai in mutum ya koyi lissafin karta, ya ware jari na musamman, ya sa wa kansa iyaka, zai ci riba ba tare da wasan ya kama shi ba. Mu dai mun ce wannan ruɗi ne, ga kuma dalilanmu.

Na farko, daga ina ribar take fitowa? Manomi yakan shuka mudu ya girbe buhu, tela yakan mai da yadi riga. Teburin karta kuwa ba ya haifar ko kwabo. A ce mutum shida sun zauna, kowa da naira 10,000. Mai gidan caca yana cire la'adarsa a kowane zagaye, sau da yawa wajen biyar cikin ɗari. In ana tara naira 2,000 a zagaye, ya ɗauki 100. Bayan zagaye 100 ya kwashe 10,000, wato jarin mutum guda cur, alhali ko karta bai taɓa ba. Abin da ya rage shi 'yan wasan suke ƙwace wa juna.

Ba mu musa cewa akwai gwaninta a ciki ba. Amma gwanintar mece ce? Ka gane wanda bai iya ba, ka yaudare shi, ka kwashe masa aljihu. Masu koyar da wasan da kansu suna cewa a nemi teburin da marasa ƙwarewa suke, har suna kiransu kifi. Waɗansu matasa sukan ce a nuna musu ayar da ta ambaci poka. To, doka ta goma ta hana ƙyashin abin maƙwabci. Ta yaya za ka ƙaunaci mutum kana addu'a ya yi kuskure domin kuɗin gidansa su dawo naka?

Sukan kuma kawo labarin Chris Moneymaker, wani akanta a Amurka wanda ya shiga gasa ta intanet da abin da bai kai dala 100 ba, ya je ya ci dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Gaskiya ne. Amma mutum 839 suka shiga gasar, kowace kujera dala 10,000, kuma mafi yawansu sun tashi hannu wofi. Su ba a ba da labarinsu.

Sai maganar jari da iyaka. Ana ba da shawara mutum ya riƙe ninki 20 ko fiye na abin da yake zama da shi a tebur. Wannan shawara ita kanta shaida ce cewa ko gwani yakan fāɗi sau da yawa a jere. Wanene a ikilisiyoyinmu yake da irin wannan rara? Jarin da ake magana kuɗin makarantar yara ne, kuɗin taki ne, kuɗin haya ne. Iyakar kuma, wanda ya sa ta shi ne mai tsaronta, kuma shi ne zai ture ta da tsakar dare yana neman fanshe asara. Garin neman gira sai a rasa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan kamu, a kundinta da ya fara aiki a 2022. Babbar alamarta ita ce mutum ya kasa dainawa ko da yana ganin ɓarnar.

Kada mu zauna jiran hukuma. A Oktoba 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, amma a unguwannin Musulmi ta fi mai da hankali. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Ko wace doka aka yi, ba ta shiga wayar da ke aljihun ɗanka.

Saboda haka muna roƙon dattawa: a koyar da wannan lissafi a zumuntar matasa, da alli a kan allo. Kada kuɗin baiko ko na zumunta ya kwana a hannun mutum ɗaya, a riƙa sa hannu biyu. Zumuntar mata ta saurari matan da kayan ɗakinsu suke ɓacewa. Ɗan'uwan da ya riga ya kamu kuwa, kada a mai da shi abin wa'azi, gama kunya ce take sa shi ɓoyewa. A zauna da shi, a rubuta bashinsa, wani amintacce ya riƙe katinsa na banki, in ya yi tsanani a kai shi wurin likita, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Ubangiji shi ba mu hikima da ƙarfin hali mu tsare gidajenmu. Amin.