Tace Fim: Ina Dusar Take Zuwa?

In kin kalli fim ɗin Hausa har ƙarshe, wajen da sunaye ke wucewa, za ki ga an rubuta "tacewa" ko "tace hoto". Su 'yan fim a bakinsu "editin" suke cewa, mai aikin kuma edita.

Kada ki haɗa shi da aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Ita hukumar dubawa take ko fim ya cancanci a sake shi ga jama'a. Aikin edita kuwa yana gaba da wannan, da zarar an dawo daga lokeshin.

Ba a ɗaukar fim a jere. Ana iya fara aiki da fitowar ƙarshe, fitowa ɗaya kuma a maimaita ta sau biyar. Edita ne zai zauna gaban kwamfuta da manhaja irin su Adobe Premiere Pro, ya zaɓi mai kyau, ya yanke sauran, ya jera labarin, ya daidaita murya da kala, ya sa kiɗa.

Kin san in kin tace ƙullun koko, gasara daban, dusa daban. To bambancin shi ne, dusar editin ba a zubar da ita, tana nan a kwamfuta. Nan ne maganar ta shafe ki. Ranar kamu ko sa lalle, mai kyamara yana ɗaukar komai: mayafin da ya zame, rawar da ƙawaye suka yi a tsakaninsu. Bidiyon da aka kawo miki tsaf yake, amma asalin yana hannun wanda ya tace, kuma daga nan zuwa TikTok ba nisa.

Don haka tun wajen ciniki ki yi magana: wa zai tace? A ba ku asalin a filashi, a goge na wajensu, kuma kada a sa ko minti ɗaya a tallar shago sai da izininku.

Yara ma ki nuna musu cewa da CapCut a waya ana yanke magana a juya ma'anarta, kada su gaskata duk abin da suka gani.

Ke fa, kin taɓa karɓar asalin bidiyon bikin gidanku? Faɗa mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.